Zare: Allura Ta Ce Lafiya Lau, Inji Kuma Yana Tafasa

1/ Zaren yau na mota ne, amma tarihi ne a cikinsa. Shekarun baya na ƙona gasket ɗin motar mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a hanyar Kano zuwa Zariya, alhali allurar tamfareca tana ƙasa da rabi, tana nuna min komai lafiya lau. Bin diddigin wannan ƙarya da allura ta yi min shi ya kai ni har shekarar 1833. Duk wanda ya taɓa canza wa mota inji, ko yake shirin yi, ya gyara zama. 🧵

2/ Motar Peugeot 504 ce doguwa, wadda muke cewa Fijo wagon, haɗin Kaduna. Da Baba ya rasu sai 'yan'uwa suka ce in riƙe ta, tunda ni ne mai kai Hajiya unguwa da asibiti. Injinta ya gaji, yana shan baƙin mai kamar shayi, hayaƙi kuwa sai ka ce ana ƙona bola. Bakanike ya ba ni shawara a ɗora mata injin wata motar Japan, irin na Beljiyam. Na yi lissafi na ga ya fi min sauƙi, na ce bismillah.

3/ Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. An yi waldar kujerun inji, an haɗa shi da giyabos, an gyara salansa. A jikin sabon injin akwai wata 'yar aba mai kama da noti, waya ɗaya ke shiga kanta. Ita ce sensa, mai jin zafin ruwa ta aika wa gejin da ke gaban direba. Yaron gareji ya jawo wayar tamfareca ta Fijo ya maƙala mata. Aka tayar, allura ta ɗan ɗaga, kowa ya ce "ai ga ta nan tana aiki."

4/ Ni har daɗi na ji. Da tsohon injin allura tana zama a tsakiya, yanzu kuwa ko kwata ba ta kaiwa. Na riƙa ba mutane labari a majalisa cewa injin Japan ba ya zafi. Wata biyu ina yawo a cikin gari da wannan tunanin.

5/ Sai watan Afrilu, ana tsananin rana, muka kama hanyar Zariya biki: ni, Hajiya, maiɗakina da yara uku. Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan Hajiya ta ce, "Kai, wannan ƙaurin fa?" Na dubi allura na ce, "Hajiya ba mu ba ne, ga tamfareca nan a ƙasa." Ban rufe baki ba mota ta fara rage ƙarfi, inji ya fara wani ƙas-ƙas, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet.

6/ Awa uku muka yi a gindin bishiya da tsohuwa mai hawan jini da yara suna kukan ƙishirwa, kafin a samu mai jan mu. Gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Abin da ya kawo zafin ƙaramin abu ne: tsohon lagireton ya toshe da tsatsa, ba ya iya ɗaukar tafiyar nesa. Da allura ta faɗa min gaskiya, da tun a Kura na tsaya, aikin wankin lagireto ne kawai.

7/ A gareji akwai wani dattijo mai wayarin, tun zamanin Land Rover yake sana'ar. Ya zare sensar, ya jujjuya ta a hannu, ya ce, "Ɗana, ba gejin ne ya lalace ba, ba kuma sensar ba. Kowanne lafiyarsa ƙalau. Shi gejin Faransanci yake ji, ita kuma da Japananci take masa magana." Na ce, "Baba, ba duk zafi suke aunawa ba?" Ya yi dariya ya ce in je in sayo buta.

8/ Zan dawo kan butar. Amma tambayar da ta tsaya min a rai ita ce: don me? Batir 12 ne a kusan kowace ƙaramar mota. Bawul ɗin taya iri ɗaya ne, famfon mai faci ɗaya yana hura wa Fijo da Toyota da Benz. To me ya hana kamfanoni su yi sensar zafi iri ɗaya? Amsar tana cikin yadda abin ya faro.

9/ Motocin farko ba su da gejin zafi kwata-kwata. Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, sama da miliyan 15, ba ta da shi. Galibinsu ko famfon ruwa babu: ruwan zafi ke tashi sama da kansa ya shiga lagireto, mai sanyi ya gangaro. Direba yana sanin inji ya yi zafi ne idan ya ga tururi. Wato irin sanin da na yi a Kwanar Ɗangora.

10/ A 1912 wani Ba'amurke, Harrison Boyce, ya yi rajistar wata na'ura da aka sa wa suna Boyce MotoMeter. Ma'aunin zafi ne na gilashi, irin mai jan ruwa a ciki, an dasa shi a kan marfin lagireto. A lokacin marfin yana waje, a can hancin mota, don haka direba yana hango shi daga kujerarsa. An sayar da miliyoyinsa, har ya zama abin ado, kamfanonin mota suna sa tambarinsu a jiki.

11/ Amma yana da aibi: zafin tururin da ke saman lagireto yake ji, ba zafin ruwan da ke zagaya kan inji ba. Ku riƙe wannan, domin har yau darasin yana nan: inda ka dasa ma'auni yana da muhimmanci kamar ma'aunin kansa. Daga baya da masu zanen mota suka mayar da marfin lagireto ƙarƙashin bonet, MotoMeter na kan hanci ya rasa wurin zama. Dole ma'auni ya dawo cikin mota.

12/ Hanyar farko ta kawo shi ciki ba ta lantarki ba ce. A 1849 wani injiniyan Faransa, Eugène Bourdon, ya yi rajistar wani lanƙwasasshen bututu da ke ƙoƙarin miƙewa idan iska ko ruwa ya matsa a cikinsa. Shi ne har yau a cikin gejin tukunyar gas ta masu walda. Sai aka haɗa shi da siririn bututun tagulla mai tsawo, a ƙarshensa ɗan ƙoƙo mai wani ruwa mai saurin zama tururi.

13/ Ƙoƙon yana nutse a ruwan inji. Zafi ya ƙaru, ruwan cikinsa ya zama tururi, matsi ya bi siririn bututun har dashbod, allura ta motsa. Tsofaffin motocin Ingila da taraktoci da yawa haka suke. Abin lura: ƙoƙo da bututu da geji abu ɗaya ne a liƙe, a masana'anta aka daidaita su tare. Ba yadda za a yi ka haɗa ƙoƙon wani da gejin wani. Matsalata ba ta da wurin zama a wannan zamanin.

14/ Nasa aibin shi ne bututun. Ya gogi ƙarfe ya huje, ko bakanike ya lanƙwasa shi da yawa, shi ke nan, sai dai a sayi sabo gaba ɗaya. Ga wahalar ratsa shi ta bangon da ke tsakanin inji da direba. Waya ta fi arha, ta fi sauƙin bi da ita ko'ina. Sai kamfanoni suka koma lantarki. A nan ne aka raba abu ɗaya gida biyu: sensa a inji, geji a dashbod, waya a tsakani.

15/ Yanzu mu koma 1833. Michael Faraday, masanin kimiyya na Ingila, ya lura da wani abin mamaki. Ƙarafa irin su tagulla, idan sun yi zafi, sukan ƙara hana wutar lantarki wucewa. Amma wani haɗi na azurfa da farar wuta akasin haka yake yi: yana zafi, wuta tana ƙara samun hanya. Wannan hana wuta wucewa shi nake kira turjiya a zaren nan, ana auna ta da om.

16/ Kusan shekara 100 abin yana cikin littafi kawai. A 1930 Samuel Ruben a Amurka ya fito da irinsa da za a iya ƙerawa a sayar. Shi ake kira tamista. In ka fasa sensar tamfareca ta yawancin motocin da muka sani, abin da za ka tarar ke nan: 'yar ƙwaya kamar ƙwayar magani a cikin kwanson tagulla. Ruwa da sanyi, turjiya da yawa. Ruwa ya yi zafi, turjiya ta sauka, wuta ta ƙaru, allura ta hau.

17/ Kafin tamista ta mamaye, akwai wata dabarar. Kamfanin Ford ya daɗe yana amfani da tsarin King-Seeley, inda sensa da geji duk suke da ɗan falle na ƙarfe biyu a manne, wanda ke lanƙwashewa in ya ji zafi. Sensar tana kunna wuta tana kashewa ne, ba turjiya take canzawa ba. A tsofaffin Ford na shekarun 1940, in ka kashe mota allura a wajen zafi take kwanciya. Ka ga tun nan yare ya fara rabuwa.

18/ To ga asalin abin. Geji ba ya jin zafi. Bai san ruwa ba, bai san inji ba. Abin da ya sani kawai shi ne yawan wutar da ke ratsa shi. Wanda ya ƙera shi ne ya yanke cewa in turjiya ta kai om kaza, allura ta tsaya a tsakiya, in ta sauka zuwa kaza, ta shiga ja. Wannan yarjejeniya ce tsakanin geji da sensa, kuma kowane kamfani shi ya rubuta tasa.

19/ Su wa ke nan? A Ingila Smiths. A Faransa Jaeger, wanda za ka ga sunansa a agogon Fijo da yawa. A Jamus VDO, da aka kafa a 1929. A Italiya Veglia. A Amurka GM yana da AC, Ford yana da nasa tsarin. A Japan akwai Nippondenso, wanda ya ɓalle daga Toyota a 1949, shi ne Denso na yau. Kowanne yana sayar wa kamfanin mota geji da sensa tare, kamar takalmi ƙafa biyu.

20/ Shi ya sa ba wanda ya ga dalilin daidaitawa. Bawul ɗin taya dole ya zama iri ɗaya, domin kowace mota za ta je wajen mai faci. Amma sensa da geji a mota ɗaya za su rayu su mutu. Injiniyan da ke zaune a Sochaux, garin Peugeot, bai taɓa kawo wa ransa cewa wata rana a Kano za a aurar da gejinsa ga sensar da aka yi a Japan ba.

21/ Bari in ba ku lambobi daga kamfani ɗaya ma, don ku ga girman abin. VDO yana da sensar ruwa mai kaiwa digiri 120. Turjiyarta kusan om 290 a digiri 40, kusan 70 a digiri 80, kusan 38 a digiri 100, kusan 22 a digiri 120. Yana kuma da wata mai kaiwa digiri 150, wadda aka fi sa wa baƙin mai. Ita a digiri 100 kusan om 62 take bayarwa.

22/ A ido kamarsu ɗaya. Ka ɗaura ta 150 a gejin 120, ruwa yana digiri 100, geji zai ga om 62, ya duba yarjejeniyarsa, ya nuna maka wajen 84. Ruwa ya kai 120, yana daf da fin ƙarfin marfin lagireto, geji zai nuna maka ɗari da 'yan kai. Kamfani ɗaya fa ke nan. Ina ga an haɗa na ƙasashe biyu?

23/ Gejin ma iri biyu ne. Akwai mai fallen ƙarfe da wuta ke ɗumamawa, allurarsa a hankali take tashi in ka murɗa makulli. Irin wannan yana buƙatar ɗan abin daidaita wuta a bayan dashbod: na Smiths volt 10, na tsofaffin Ford wajen volt 5. Akwai kuma mai naɗin waya da maganaɗisu, shi nan take yake tashi. In ka ga gejin mai da na zafi sun yi ƙarya tare, fara zargin abin daidaita wutar.

24/ Sai rikici na biyu, wanda ya girmi mota ma: tiredi, wato haƙoran da ake murɗa sensa da su. A 1841 Joseph Whitworth ya tsara na Ingila, kusurwar haƙori digiri 55. A 1864 William Sellers ya kawo na Amurka, digiri 60. Turai ta bi ma'aunin milimita. Japan kuma a bututu ta ɗauki irin na Ingila. Duk waɗannan suna nan a ramukan injinan da ke garejinmu.

25/ Ƙaramin tiredin bututu na Amurka, 1/8, haƙora 27 ne a inci. Na Ingila da Japan, shi ma 1/8, haƙora 28. Na milimita, M10 mai tazarar 1, ya ɗan haura 25. Kaurinsu kusan ɗaya. Duk za su shiga zagaye biyu ko uku su cije. A nan ne mai ƙarfin hannu yake ɗauko sifana ya ƙarasa. In kan injin alminiyam ne, ka ci ramin ke nan, ko ya tsage.

26/ Rikici na uku ya zo da kwamfuta. A 1967 Bosch ya fito da D-Jetronic, tsarin fesa mai na lantarki, aka fara sa shi a Volkswagen 1600. Injin da babu kafireto dole kwamfutarsa, wadda muke cewa biren bos, ta san zafin inji, don ta ƙara mai da safe ta rage in ya ɗumama. Sai injina suka koma ɗaukar sensa biyu: ɗaya ta geji, ɗaya ta kwamfuta. Wasu har da ta uku, makunnin fanka.

27/ Ta geji galibi waya ɗaya ce, wutar tana komawa ta jikin inji. Ta kwamfuta galibi waya biyu. Yarensu ya yi nisa sosai: irin ta Bosch da aka saba om 2,500 ce a digiri 20, wajen 320 a digiri 80, wajen 186 a digiri 100. Ka haɗa ta da gejin VDO na 120, ruwa yana tafasa allura tana nuna maka hamsin da 'yan kai. Makunnin fanka kuwa ba ya auna komai, kunnawa da kashewa ne kawai.

28/ Me ya sa abin ya fi cin mu a nan? Ku dubi hanyoyinmu. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas. Aka yi Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu. Faransa, Jamus, Ostiriya, Italiya, Ingila, ga motocin Japan suna ta shigowa. Duk yarukan da na lissafa a sama, a tasha ɗaya suke lodi.

29/ Sai 1986, aka shigo da SAP, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Aka koma motocin Kwatano da injinan Beljiyam. Jikin mota ya riƙa cinye inji biyu, uku. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka ga gwanintar da ba a koyarwa a makaranta: injin wannan a jikin waccan, kuma ta yi tafiya. Ƙarfe ana iya yanka shi a yi walda a gani da ido. Turjiya ba a ganinta.

30/ Gwajin da aka saba yi a gareji shi ne a zare wayar sensa a taɓa ta a jikin inji. Allura ta haura sama, a ce geji lafiya. Gaskiya ne, amma abin da ya nuna kawai shi ne geji yana da rai kuma waya ba ta tsinke ba. Bai ce komai a kan ko sun fahimci juna da sensar ba. Kuma kada a daɗe ana taɓawa, yana iya ƙona gejin.

31/ Yanzu butar Baba. Ya ɗora ruwa a kan risho, ya rataya sensar a ciki da waya, bakinta a nutse, ba ta taɓa gindin buta ba. Ya sa mita tsakanin kanta da jikinta, muna kallon om yana sauka har ruwa ya tafasa. Ya ce in rubuta. A tuna, tafasa ba ko'ina ne 100 ba: a Kano wajen 98 ne, a Jos saboda tudu wajen 96.

32/ Sannan ya koma mota. Ya ɗauko irin abin murɗa ƙarar tsohuwar rediyo, ya haɗa shi a madadin sensa, tsakanin wayar geji da jikin mota. Ya kunna makulli, yana murɗawa a hankali har allura ta kai bakin ja. Ya cire ya auna. Lambar da geji yake jira kafin ya yi ihu ta yi ƙasa ƙwarai da abin da sensar take bayarwa a tafasasshen ruwa. Ya ce, "Ka gani? Ko wuta ta kama, ba za ta kai shi nan ba."

33/ Na ce, "Baba, ba za a sa ɗan resisto a gyara ba?" Ya ce ana yi, amma wuri ɗaya yake gyarawa. Daga baya na yi lissafin da lambobin VDO. Ka jera om 100 a gefen sensar 150, a digiri 100 za ka samu kusan 38, daidai. Amma da safe, inji da sanyi, kana murɗa makulli allura za ta nuna wajen 70. Turjiyar tamista ba a miƙe take sauka ba, a lanƙwashe ne.

34/ Ƙa'idar da ya ba ni gajeriya ce: sensar geji tana bin dashbod, sensar kwamfuta tana bin biren bos. Ka canza inji ka bar dashbod, to sensar tsohon injin ce za ta ƙaura zuwa sabon, ko a nemo irinta sak. Kada ka bari a tafi da tsohon injinka wajen 'yan gwangwan da sensarsa a jiki. Ni nawa an riga an sayar, sai da muka yi kwana biyu muna neman ta Fijo.

35/ Da muka samo, tiredi bai zo ɗaya ba. Aka fiƙe mana adafta ta tagulla. Baba ya dage a yi ta gajeriya, domin in ta yi tsawo bakin sensa ba zai kai cikin ruwan da ke gudu ba, sai ya zauna a ɗan lungun da iska ke taruwa, ya ba da labarin ƙarya. Kun tuna aibin MotoMeter na 1912? Shi ne dai ya dawo a wata riga.

36/ Wurin dasawa: a kan inji, kusa da tamostat, ta ɓangaren inji. In ka sa ta a tiyo bayan tamostat, ranar da tamostat ya maƙale a rufe inji zai dahu ita tana jin ruwan sanyi. Sannan kada a naɗe tiredin sensa mai waya ɗaya da farin tef ɗin masu famfo. Ta jikinta wuta take komawa. Tef ya shiga tsakani, turjiya ta ƙaru, allura ta sake yin ƙasa.

37/ Tunda na ambaci tamostat: na san al'adarmu ta cire shi a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Yawancinsu a digiri 82 ko 88 suke buɗewa, kuma a wannan zafin aka tsara inji ya yi aiki. A mota mai kwamfuta, in inji bai kai zafinsa ba za ta ci gaba da zuba mai kamar da asuba. Kuma ka rasa wurin zaman allura na kullum, wanda da shi kake gane ranar da abu ya canza.

38/ Wani abin da ya kamata kowa ya sani: marfin lagireto mai 0.9 yana ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen digiri 118. Shi ya sa inji yake iya kai 100 bai yi tururi ba, shi ya sa kuma buɗe marfi da zafi yake ƙona fuska. In kuma ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya, sensa tana iya zama a busasshen wuri allura ta ƙi hawa. Ko da geji mai gaskiya, duba ruwa da safe bai faɗi ba.

39/ Motocin yanzu fa? A 1986 Bosch ya gabatar da CAN, hanyar da kwamfutocin mota ke hira ta waya biyu. Mercedes W140 ta 1991 tana cikin na farkon da suka ɗauka. A motoci da yawa na yau babu sensar geji daban. Kwamfutar inji ce ke aika wa dashbod lamba. Ka sa injin wani kamfani da kwamfutarsa, dashbod ba zai gane saƙon ba, allura ta kwanta, ko ta tsaya inda ta ga dama.

40/ Kuma allurar motocin zamani da yawa an koya mata kawaici. Tana zama daram a tsakiya ko zafi ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, don kada direba ya tsorata, sai abu ya yi nisa take motsi. Wasu ma fitila ce kawai, shuɗiya da ja. Maganin mai canjin inji a nan: geji na daban da ya zo da sensarsa a kwali ɗaya, ko ɗan abin karanta OBD, wanda Amurka ta wajabta tun 1996, ka ga ainihin digiri a wayarka.

41/ Ranar da muka gama, Baba bai yarda a ɗaura sensar ba sai da ya jawo dogayen wayoyi daga mota zuwa buta, ɗaya a kanta ɗaya a jikinta. Ruwa ya tafasa, allurar Fijo ta tashi ta wuce tsakiya ta tsaya. Ya ɗiga jan fenti a gilashin daidai wurin. Ya ce, "Ɗana, in ta wuce nan kana tafiya, ka sauka gefen titi. Kada ka tsaya gardama da ita, kada kuma ka yi gardama da hancin Hajiya."

42/ Kuɗin buta da kananzir da adafta bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe a kan inji da jan mota ba. Fijo tana nan, ɗigon fentin ma yana nan. In an canza wa motarka inji kuma tun ranar allura ta sauya wurin zama, ko ta yi ƙasa ko ta yi sama, kada ka ce sabon inji ne mai sanyi. Ka tambayi bakanikenka: sensar wa ke jiki? Allah Ya kiyaye mana hanya. Nan zan tsaya.